Yadda ake gyara imel ɗin sait idan ƙ, ɗ, ɓ da alamar sidi sun koma shara

Duk wanda ke haɗa wa mutane sait a Kumasin nan ya san wannan ciwon kan. Sait ɗin na da Hausa, na da Turanci, na da Tuwi, wani har da Faransanci saboda mutanen Burkina da Togo da Kodebuwa da ke zuwa sarin kaya Kejetia da Alabar, ka buɗe a burauza komai tsaf, amma da zarar kwastoma ya cika fom ko ya yi oda sai imel ya shigo masa da "Mun karÉ“i kuÉ—inka GHâ‚µ250". Daga nan sai wayar Hajiya mai shago bayan isha'i: "Ɗana, me ka sa min a abin nan ne, mutane na cewa an yi min kutse?" Ka ce mata Hajiya ki kwantar da hankalinki ba kutse ba ne, kuma gaskiya ka faɗa, amma gyaran yana wuyanka.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne kar ka fara canza saitin a makance. Harafin nan yana bi ta hannu da yawa kafin ya isa wayar mutum: fom, PHP (yaren kod ɗin sait), haɗin databes, teburin databes ɗin kansa, kan imel (layukan bayanin da ke samansa), jikin imel, sannan fon ɗin wayar mai karantawa, wato zanen haruffan da ke cikinta. A wuri ɗaya ya lalace, wani lokacin biyu, kuma idan ka gyara inda lafiyarsa ƙalau to ka ƙara ɓata shi ne.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashi

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai take ajiyewa, sai a yi yarjejeniya cewa lamba kaza harafi kaza ce. ASCII da aka fitar a 1963 gurbi 128 ne kacal, na Turancin Amurka, kuma a kansa aka gina SMTP, hanyar da imel ke bi, a 1982. Sai a 1992 MIME ya zo ya ba da damar a rubuta a kan imel cewa ga tsarin da aka yi rubutun da shi. A wannan shekarar ce dai Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wanda shi ne ke ɗaukar kowane harafi na duniya, a cikinsa haruffan a zuwa z kowanne bayit ɗaya ne (bayit shi ne ƙwayar ma'aunin ajiya a kwamfuta), ƙ da ɗ da ɓ da ɛ da ɔ da haruffan Larabci bayit biyu-biyu, alamar sidi ₵ uku, emoji huɗu. Shi kuwa tsohon tsarin Turai, ISO-8859-1 da ake kira Latin-1 da ɗan'uwansa Windows-1252, kowane harafi bayit ɗaya ne, kuma babu ƙ babu ɗ babu ɔ babu ₵ a cikinsu ko kaɗan.

To ƙ a UTF-8 bayit biyu ce, C6 da 99. Idan mai karantawa ya ɗauka Windows-1252 aka aiko masa sai ya karanta su ɗai-ɗai, C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™, shi ne kake ganin Æ™. Kamar dai tsohuwa a kasuwa ta ce maka kayan miliyan ɗaya ne, ita da tsohon sidi na kafin 2007 take lissafi, GH₵100 take nufi, kai kuma ka ji da sabon kuɗi ka kama kai. Lambar ba ta canza ba, ba a faɗa maka da wane lissafi ake magana ba ne.

Mataki na farko: kalli irin sharar da kyau

Wannan matakin shi ne rabin aikin kuma shi mutane ke tsallakewa. Kowace irin lalacewa da kamanninta.

Idan Æ™ kake gani a madadin ƙ, É— a madadin ɗ, É“ a madadin ɓ, É› a madadin ɛ, É” a madadin ɔ, Ã© a madadin é, â€™ a inda ya kamata a ga alamar nan ta ’yan da ’ya’ya, ko kuma Larabci ya koma jerin Ø da Ù, to ka gode wa Allah, bayit ɗin suna nan ba su ɓace ba, karatun ne aka yi ba daidai ba. Wannan ya fi sauƙin gyara.

Idan ya yi tsawo kamar Ã†â„¢ a madadin ƙ guda ɗaya, to sau biyu aka juya shi, an karanta ba daidai ba an ajiye, an sake juyawa. Galibi wannan a databes yake kwance.

Idan alamar tambaya ce zalla, "ku?i", "?asa", to nan kam an yi asara, wani abu ya tilasta harafin shiga tsarin da babu shi a ciki sai aka maye gurbinsa da ?, kuma babu dabarar da za ta dawo da shi daga wannan kwafin.

Idan baƙin lu'ulu'un nan ne mai tambaya a ciki, �, to akasin na farko ne: mai karantawa UTF-8 yake jira sai aka miƙo masa bayit ɗin da ba su yi daidai ba, ko dai é ta tsohon tsari, ko an yanke harafi a tsakiyarsa.

Idan ɗan akwati ne fanko □, bar kod ɗinka ya huta, fon ɗin wayar ko kwamfutar mutumin ne ba shi da hoton harafin. Idan kuma =C6=99 ko =?UTF-8?B? kake gani tsirara a cikin saƙon, to an naɗe saƙon daidai amma kan imel ɗin ya karye ko ba a faɗi irin naɗin ba.

Mataki na biyu: haɗa jimlar gwaji guda ɗaya

Kar ka riƙa gwaji da "test test", ba zai nuna maka komai ba tunda duk ASCII ne. Ni wannan nake amfani da ita, ka kwafa ka ajiye:

Ƙasa ɗaki ɓera ƴaƴa ’yan Yɛda wo ase ɔdɔ réservé السلام عليكم GH₵50 GH¢50 🙏

A ciki akwai mai bayit biyu, mai uku, mai huɗu, akwai Larabci, akwai ¢ ɗin nan da mutane da yawa ke sawa a madadin ₵ saboda ta fi sauƙin samu. Ka zuba ta a kowane gurbi na fom ɗin, suna, take, saƙo, har sunan fayil idan ana loda fayil. Amfaninta shi ne idan komai ya fito lafiya sai emoji kaɗai ya mutu ka san matsalar utf8 ɗin MySQL ce, manhajar databes ɗin, idan é da ¢ sun tsira amma ƙ da ₵ sun koma ? ka san wani wuri ana matse rubutun cikin Latin-1.

Mataki na uku: buɗe imel ɗin tsirara

A Gmail na kwamfuta ka buɗe saƙon, ka danna ɗigo ukun da ke gefe, ka zaɓi Show original. A Thunderbird Ctrl da U. Kar ka yi fowad ɗin saƙon zuwa kanka ka ce shi za ka duba, fowad yana sake naɗe shi da sabon kai sai shaidar ta ɓace. Layukan da kake nema su ne waɗannan:

MIME-Version: 1.0
Content-Type: text/plain; charset=UTF-8
Content-Transfer-Encoding: quoted-printable
Subject: =?UTF-8?Q?Mun_kar=C9=93i_ku=C9=97inka?=

Haka lafiyayye yake. Idan ka ga charset=iso-8859-1 ko us-ascii, ko babu charset ɗin sam, amma a jikin saƙon kana ganin =C6=99 a inda ƙ take, to ka kama ɓarawon, kai tsaye ka wuce mataki na shida. Idan kuwa kan ya ce UTF-8 amma a jikin =C3=86=E2=84=A2 ne a wurin ƙ, ko =3F ko ? kawai, to imel ɗin ba shi da laifi, da ɓatacce aka ba shi, sai a koma baya.

Mataki na huɗu: databes, inda yawancin rigimar take

Nan zan daɗe domin nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Kafin ka taɓa komai ka yi bakof, ka sauke shi a kwamfutarka, ka buɗe ka tabbata akwai abu a ciki, ba wai ka dogara da na masu hostin ba. Kuma kar ka fara wannan aikin da batirin laptop saura kaɗan kana fatan ba za a ɗauke wuta ba.

Kar ka yarda da abin da idonka ya gani a phpMyAdmin, shafin da ake leƙa databes da shi, shi ma yana da nasa haɗin da zai iya ɓoye maka ko ya ƙirƙiro maka matsala. Ka tambayi bayit ɗin kansu:

SELECT suna, HEX(suna) FROM oda ORDER BY id DESC LIMIT 5;
SHOW CREATE TABLE oda;

Na farko zai nuna maka ainihin abin da ke ajiye, na biyu zai nuna maka tsarin da teburin ke iƙirarin yana kai. Abu uku za ka iya tararwa.

Na ɗaya, teburin latin1 ne amma HEX ya nuna C699 a wurin ƙ. Wannan shi ne amsar tambayar nan ta "to me ya sa a sait yana fita daidai amma a imel ba ya fita?" Kafin MySQL 8.0 latin1 ne tsarin da ke zuwa da shi, to tsohon sait yana zuba bayit ɗin UTF-8 ta haɗin latin1 cikin tebur latin1, yana kuma ɗebo su ta hanya ɗaya, kuskure biyu sun rufa wa juna asiri shekara da shekaru. Ranar da aka ƙara sabon filogin ko wani kod na aika imel da ke haɗawa da utf8mb4, sai MySQL ya yi abin da ya ga daidai ne, ya ɗauki C6 a matsayin Æ ya miƙa. Gyaransa ba CONVERT TO kai tsaye ba ne, wannan zai dawwamar da sharar ne. Sai ka bi ta bainari, wato ka cire wa gurbin tambarin ƙarya sannan ka manna na gaskiya:

ALTER TABLE oda MODIFY suna VARBINARY(255);
ALTER TABLE oda MODIFY suna VARCHAR(255) CHARACTER SET utf8mb4;

Idan gurbin TEXT ne sai ka bi ta BLOB. Ka kula ka maimaita NOT NULL da DEFAULT idan da ma akwai su, MODIFY yana share abin da ba ka sake faɗa ba.

Na biyu, teburin utf8mb4 ne amma HEX ya nuna C386E284A2. An riga an juya sau biyu an ajiye. Maganinsa:

CONVERT(BINARY CONVERT(suna USING latin1) USING utf8mb4)

amma don Allah ka fara sa shi a SELECT ka gani da idonka kafin UPDATE, kuma kar ka sake shi a kan teburin gaba ɗaya. Yawanci teburin gauraye yake, tsofaffin layuka ɓatattu sababbi lafiyayyu, kuma duk lafiyayyen layin da wannan umarnin ya taka, ƙ ɗinsa ? za ta koma. Za ka iya tace ɓatattun da HEX(suna) LIKE '%C386%' ko '%C389%', sai dai ka tuna C389 ita ce É ta gaskiya, kuma kana da kwastomomi masu sunan Faransanci da ke farawa da ita, saboda haka jerin da ya fito sai ka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai gundura, na sani, amma ya fi ka ɓata sunayen mutane ɗari.

Na uku, HEX ya nuna 3F. Wannan ? ce ta gaske aka ajiye, harafin ya tafi, sai dai a toshe ɓarakar saboda na gaba.

Sai batun utf8 da utf8mb4. Abin da MySQL ya daɗe yana kira utf8 bayit uku kawai yake ɗauka, cikakken shi ne utf8mb4 da ya shigo a siga ta 5.5.3 a 2010. Da utf8 ɗin ƙ da ₵ da Larabci duk za su shiga, amma ranar da wata ta rubuta "Allah ya saka 🙏 a kawo min gobe" to ko dai ya ƙi ajiyewa, ko ya yanke saƙon daga kan emojin, ko ya sa tambayoyi, ya danganta da saitin sabar. Mutanenmu kuwa ba sa rubutu babu emoji. Idan teburin utf8 ne kuma abin ciki lafiya yake, nan ne CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4 ke da amfani.

Mataki na biyar: toshe hanyar shigowa

Wannan ba shi da wahala, bi su da sauri. A saman HTML a sa <meta charset="utf-8">, kuma sabar ma ta faɗi haka a Content-Type ɗinta, domin idan suka saɓa maganar sabar burauza ke bi. PHP daga 5.6 UTF-8 ne default_charset ɗinsa, amma ka leƙa php.ini da .htaccess ko wani ya rubuta ISO-8859-1 tun zamanin da. Haɗin databes a faɗa masa ƙarara, mysqli_set_charset($db, 'utf8mb4') ko charset=utf8mb4 a layin haɗin PDO. A WordPress ka duba DB_CHARSET a wp-config.php, shi tun 4.2 a 2015 yake aiki da utf8mb4, sai dai sait ɗin da aka yi ta kwashewa daga hostin zuwa hostin ba a rasa tsohon tebur a ciki. Fayilolin da ka rubuta kalmomin imel a ciki, har da na fassara, a ajiye su UTF-8 marar BOM, wato ɓoyayyar alamar nan ta bayit uku a farkon fayil, idan ka taɓa ganin ï»¿ a farkon saƙo to BOM ɗin ne.

Sannan ka bincika kod ɗin gaba ɗaya ka nemo utf8_decode da utf8_encode. Waɗannan biyun sunansu yaudara ne, tsakanin UTF-8 da Latin-1 kawai suke juyi, utf8_decode ita ce ke mai da ƙ ta zama ?, utf8_encode a kan rubutun da da ma UTF-8 ne ita ce ke sake juya shi, ƙ ta koma Æ da wani harafi marar ganuwa. Wani ya sa su ne can baya don é ta Faransanci ta fito, ta kuwa fito, Hausa da Tuwi suka mutu. PHP 8.2 ma ya sa su cikin jerin waɗanda za a daina. Haka substr da strlen da strtoupper, bayit suke ƙirgawa ba harafi ba, idan ka yanke take a bayit na 50 kuma ɗ ce ke zaune a 50 da 51 ka raba ta biyu, shi ne � ɗin da ke fitowa jefi-jefi a ƙarshen take ka rasa dalili. Ka mayar da su mb_substr da mb_strlen da mb_strtoupper.

Mataki na shida: jikin imel

Idan PHPMailer, laburaren aika imel na PHP, kake amfani da shi, to ka sani iso-8859-1 ne tsarin da yake zuwa da shi, sai ka canza da hannunka:

$mail->CharSet = 'UTF-8';
$mail->Encoding = 'base64';

Layin farkon nan shi kaɗai ya warware matsalar mutane da yawa. WordPress yana sa UTF-8 da kansa a wp_mail, amma filogin ɗin fom ko na SMTP ko wani kod da aka liƙa a functions.php na iya rubuta nasa Content-Type babu charset, can za ka duba. Idan mail() tsirara kake kira to kai ne za ka rubuta layukan nan uku na MIME-Version da Content-Type da Content-Transfer-Encoding, kuma abin da ka ce ka yi ka tabbata ka yi shi, kar ka rubuta base64 a kai ka aika rubutu haka nan. Shawarata ma ka bar mail() ɗin, ka ɗauki laburaren da ya san aikin.

Tsakanin quoted-printable da base64 kuwa, hanyoyi biyun da ake naɗe saƙo da su ya zama ASCII zalla, idan saƙon yawancinsa boko ne mai ƙ da ɗ nan da can, quoted-printable ya fi, domin za ka iya karanta shi tsirara ranar bincike. Idan Larabci ya yi yawa, irin saƙon makarantar Islamiyya zuwa ga iyaye, base64 ya fi tunda shi kashi ɗaya cikin uku kawai yake ƙara wa nauyi, wancan kuwa kowane bayit sai ya zama harafi uku. Dukansu biyu suna karya dogayen layuka, abin da ke da muhimmanci domin ƙa'idar imel ba ta yarda layi ya wuce 998 ba, kuma HTML ɗin da aka dunƙule a layi ɗaya sabar na iya datse shi a inda ta ga dama, ko da tsakiyar harafi ne. Shi ya sa ban cika son 8bit, wato aika saƙo ba naɗi, ba duk da yawancin sabobin yanzu suna karɓarsa.

Abu biyu da ake mantawa. Imel mai HTML da rubutu zalla tare kashi biyu ne, kowane kashi da nasa Content-Type, ka duba dukansu, sau da yawa ɗaya lafiya ɗaya ba charset. Sannan meta charset da ka sa a cikin HTML ɗin imel ba zai cece ka ba idan kan MIME ya faɗi wani abu daban.

Mataki na bakwai: take da sunan mai aikawa

Ga inda ake cewa "na sa UTF-8 amma har yanzu sabjet ɗin shara ne". Charset ɗin da ka sa na jiki ne kawai, bai shafi Subject da From da To ba. Su waɗannan suna da tasu ƙa'idar, RFC 2047 ta 1996, wato a naɗe rubutun tsakanin =?UTF-8?B? ko =?UTF-8?Q? da ?= kamar yadda ka gani a sama. PHPMailer yana yi da kansa muddin ka ba shi rubutu tsirara, kar ka naɗe sannan ka ba shi ya sake naɗewa, nan ne mai karɓa ke ganin =?UTF-8? ɗin da idonsa. Da mail() kuwa:

$take = mb_encode_mimeheader($take, 'UTF-8', 'B');

Kar ka haɗa naɗin da hannu da base64_encode idan taken na da tsawo, kowane ƙulli ba ya wuce harafi 75, dole a raba shi, kuma dole rabon ya faɗa tsakanin haruffa. A From sunan kawai ake naɗewa, adireshin da ke tsakanin < da > a bar shi yadda yake. Haka sunan kwastoma da kake sawa a To ko Reply-To, shi ma daga fom ya fito, shi ma yana iya zuwa da ɗ ko ɔ.

Fayil ɗin da ake maƙalawa

Sunan fayil yana da tasa ƙa'idar daban kuma manhajojin imel ba su haɗu a kan yadda suke karanta ta ba, saboda haka nan kaɗai nake cewa a haƙura da ƙugiya, ka sa wa fayil suna irin rasit-1045.pdf ka huta. Amma cikin rasit ɗin dole ya fita daidai. Idan imel lafiya amma PDF shara, laburaren PDF ɗin ne, FPDF na asali ba ya cin UTF-8, sai ka koma tFPDF ko mPDF ka saka fon irin DejaVu Sans ko Noto Sans a ciki, ka gwada da jimlar nan taka ka ga ₵ ta fito. CSV kuma da ake aika wa mai shago ya buɗe a Excel, nan BOM ɗin da muka kora ɗazu ake nemansa, ka sa bayit EF BB BF a farkon fayil ɗin in ba haka ba Excel zai karanta shi da tsohon tsarin Windows sunaye su watse.

Larabci da ajami idan haruffan sun fito amma jerin ya rikice, lamba ta tsallaka can, aya ta dawo nan, wannan ba matsalar tsarin haruffa ba ce, ka sa dir="rtl" a sakin layin.

Mataki na ƙarshe: gwaji a inda mutane ke karantawa

Gmail yana da kawaici, wani lokacin ko ba ka faɗi charset ba sai ya yi hasashe ya fitar daidai, sai ka ɗauka ka gama alhali mai Outlook a ofis a Adum shara yake gani. Ka aika jimlar gwajin zuwa Gmail da Outlook da Yahoo, ka buɗe a kwamfuta, ka kuma ari tsohuwar Tecno ko Itel a gida ka buɗe a kai, domin irinsu ne a hannun kwastomomin Aboabo da Asawase ba sabuwar iPhone ba. Kuma ka gwada kowane irin saƙo da sait ɗin ke aikawa, na oda, na canza fasuwod, na rajista, a kowane harshe, domin sau da yawa ba hanya ɗaya suke bi ba, ɗaya ta filogin ɗaya ta kod ɗin wani da ya riga ka aiki a wurin.

Idan a tsohuwar waya ₵ kaɗai ta zama akwati, to ita alamar sai a 2005 ta shiga Unicode kuma ba kowane fon ke da ita ba, a layin kuɗi za ka iya rubuta GHS 250, kowa ya gane, babu abin da ya ragu. Amma masu cewa a goge ƙugiya gaba ɗaya daga sait, a mai da ƙ k, a rubuta 3 a madadin ɛ kamar yadda ake yi a WhatsApp, wai don a zauna lafiya, ban tare da su. Ko ka goge naka, kwastoma zai rubuta sunansa da kibod ɗin wayarsa yadda ya ga dama, ya ƙara emoji, matsalar tana nan tana jiranka.

Idan sait ɗin na tura SMS ma bayan an biya ta MoMo, ka sani can lissafin daban ne: saƙo ɗaya harafi 160 ne a tsarin GSM, amma ƙ guda ɗaya ko ₵ guda ɗaya ta shiga sai ya koma tsarin Unicode mai 70, saƙon da kake biyan kuɗin ɗaya ya zama biyu ko uku. Wannan sai ku zauna da mai shagon ku yanke shawara tunda aljihunsa ne.

Layukan da suka riga suka zama 3F a databes kuwa, ka duba tsofaffin bakof ko akwai wanda aka ɗauka kafin ɓarnar, in an samu a kwaso sunayen daga can. In babu, ka fitar da jerinsu da WHERE suna LIKE '%?%', ka miƙa wa Hajiya ko yaron shagonta, su sun san mutanensu, waɗanda ba su gane ba a sa musu ɗan saƙo a akawunt ɗinsu na sait su sake rubuta sunan da kansu.